Ku Bar Yara Su Yi Cigiya

Tun ban buɗe baki ba na ga wasunku sun taɓe nasu. A sassauta, jama'a, kada leɓe ya gaji tun tafiya ba ta yi nisa ba. Maganar da na zo da ita ba ta da nauyi: a koya wa 'yan firamare insha'in siffantawa, wato yaro ya dubi abu ya rubuta kamanninsa, har wanda bai taɓa ganin abin ba ya shaida shi ranar da suka haɗu. Iyakarta ke nan. Ban ce a gina ɗakin kwamfuta ba, ban ce a kafa kwamiti ba, balle wani ya fara lissafin kuɗin zama.

Na san abin da ke ranka, Alhaji, fuskarka ta riga bakinka. Cewa kake, yaran da ba su gama haɗa baƙi da wasali ba, su za a zaunar a ce su siffanta akuya? Akuyar da kowa ya sani? Ranka ya daɗe, kowa ya san akuya, sai ranar da tasa ta ɓata. Ran nan za ka tsaya gaban ladan bayan Magariba kana so a yi maka cigiya, a ce "yaya take?", ka sosa ƙeya, ka ce "akuya ce dai, ja." In a Sakkwato ko Maraɗi kake, garuruwan da jar akuya ta yi suna da su, ka yi cigiyar rabin awakin gari ke nan. Sai ƙaramin ɗanka, wanda ke kai mata dusa safe da yamma, ya ja gefen rigarka ya ce, "Baba, ƙahonta na hagu ya gutsure, tana da farin tabo a goshi, kunnenta na dama a tsage yake, kuma tana ɗingishi tun ranar da ta faɗa kwata." To wa ya san akuyar nan a cikinku? Kai ka biya kuɗinta, shi ya kalle ta.

Da idonsa a buɗe yaron nan yake shiga aji ɗaya. Mu ne muke rufe masa shi sannu a hankali, da alli da bulala. Duk wanda ya bi ta firamare a ƙasar nan ya san yadda ake yi. Malam ya rubuta "Babban Abokina" a saman allo, ya ja layi, ya jero jimla goma a ƙasa, ya ce a kwafa a haddace. Ran jarrabawa sai ka tarar aji guda abokinsu ɗaya ne: dogo ne, fari ne, yana da ladabi, yana son shinkafa da wake, in ya girma likita zai zama. Yarinyar da ƙawarta gajeruwa ce, baƙa, mai wushirya, mai tsiwar tsiya, ita ma ta rubuta dogo ne fari ne, aka ba ta goma bisa goma. Da wannan aboki zai ɓata, har abada ba mai samo shi, don ba a taɓa haihuwarsa ba. Haka "Makarantarmu": babba ce, tana da kyau, tana da furanni. Makarantar da ko katanga babu, furen da ke cikinta kuwa na tumfafiya ne, shi ma ba wanda ya shuka shi.

Kun kira wannan insha'i, kun ba shi maki. Sannan in yaro ya gama sakandare, aka ce ya cika shafi guda a jarrabawar WAEC ko NECO ya kafe yana tauna biro, sai ku ce yaran yanzu ba su da kai. Shekara shida ana nuna masa cewa abin da idonsa ya gani ba shi ne amsa ba. Ya ji magana, ya daina gani. Ina laifinsa?

Bari in waiwayi mutanena Kanawa, tunda ni Bazazzagi ne, kuma na san Bakano ba ya zama sauraron magana sai an nuna masa ta inda riba za ta ɓullo. Alhaji na Kantin Kwari, kai da kake cewa siffantawa aikin marasa aikin yi ne, da me kake cin abinci? Ba kai ne kake maƙale waya a kunne kana yi wa mutumin Agadas bayanin shadda ba? "Ba ruwan toka ba ce, ba kuma ruwan ƙasa ba, tsakani take. Tana da maiƙo, zanenta ƙanana ne, in ka murza ta a hannu za ka ji ta tsaye, in rana ta doke ta sai ta ɗan koma ruwan zuma." Mutum yana can wata ƙasa ya turo kuɗi, ko ƙyalle bai gani ba. Wannan fa shi ne darasin da nake roƙo a koya wa ɗanka. Kai a bakin shago ka koya, da ciniki da asara da dawo da kaya. Shi kuwa ana iya fara masa a zango ɗaya, kyauta. Ka hango ribar, ko in ƙara?

Za ka ce yanzu ai hoto ake turawa ta WhatsApp. Gaskiyarka. Tambayi uwargida labarin atamfar da ta gani a hoto da wadda ɗan aike ya kawo. Hoto ba ya faɗin nauyi, ba ya faɗin kauri, ba ya faɗin ko za ta zuba a wankin farko, shi ya sa ko an tura shi sai an bi shi da saƙon murya mai tsawon huɗuba. Tunda ma muna kan kuɗi, takardar naira goma ta bi ta hannunka ba adadi. Me ke bayanta? A'a, cire hannu daga aljihu. Matan Fulani ne da ƙwaryar nono a ka. Ta naira ashirin fa? Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane, tana kan aikinta. Bakano da kuɗi kamar su haɗiyi juna, amma lambar kaɗai yake dubawa.

To yaya ake koyarwar? Ga darasin da na fi so, don ko kwabo ba ya ci. A sa yara su tuɓe takalmansu su tara a gaban aji, tuli guda. Kowa ya yagi rabin takarda ya rubuta cigiyar takalminsa, ba suna, ba lamba. A karɓa, a cakuɗa, a sake rabawa. Wanda takarda ta faɗo hannunsa ya miƙe ya karanta da ƙarfi, ya je tulin ya zaƙulo takalmin. In ya samo, mai cigiya ya ci. In ya tsaya yana zare ido, mai cigiya ya karɓi takardarsa ya koma ya gyara.

Zagayen farko cikinka sai ya yi ciwo don dariya. Rabin aji za su rubuta, "Takalmina silifas ne, shuɗi, mai kyau." Mai nema ya je ya tarar da shuɗin silifas birjik, kowanne kuma mai kyau ne a wurin mai shi. Ya ɗauki wannan, a ce ba shi ba ne, ya ɗauki wancan, wata ta yi tsalle ta ce nata ne. Aji ya kaure, mai takarda ya sunkuyar da kai. Ba sai Malam ya ce uffan ba, yaron da kansa ya gane "mai kyau" ba ta nuna wa kowa hanya. A zagaye na biyu sai ka ga sun je sun tsuguna gaban tulin, suna jujjuya takalman da suka shekara suna sawa, suna leƙa ƙasansu. Daga nan takardu ke fara magana. Wani ya rubuta, "Na dama ya taɓa tsinkewa, an soke shi da ƙusa ta ƙasa. Dunduniyar ta cinye ta gefen waje. Akwai shaidar haƙorin ɓera a gaba." Wata ta rubuta, "Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya haske, don yayata ta manta shi a rana kan katanga." Kafin mai karatu ya kai aya, yara uku sun nuna takalmin da yatsa.

A cikin minti arba'in ɗin nan yaro ya gano abu biyu da wasu masu digiri har yau ba su gano ba. Ya gano rubutu na da mai karɓa, kuma mai karɓar ba a cikin kansa yake zaune ba. Ya kuma gano abin da ya raba takalminsa da na kowa shi ne abin rubutawa, abin da suka yi tarayya a kai kuwa ɓarnar tawada ce. Manyan marubuta ma da wannan suke tinƙaho, gemu kawai suka fi shi.

Na hango Malama a can baya tana hararata, da jan biro a hannu. Na ji ki, 'yar'uwa. Aji ya cika ya tumbatsa, wasu a ƙasa wasu a taga, albashi sai ya ga dama, ga wani ya kwaso sabon aiki daga shafin mujalla. Ba zan yi miki musu ba. Wanda bai taɓa tsayawa gaban irin wannan aji da rana tsaka ba, bai kamata ya yi wa malamin firamare wa'azi ba. Amma ki lura, darasin nan rage miki aiki yake yi. Wa ya yi makin? Tulin takalma. An samo ko ba a samo ba, ba gardama, ba uwar da za ta zo gobe da mayafi a kafaɗa ta ce an danne wa ɗanta maki. In yara sun yi yawa, a raba su layi-layi, kowane layi da tulinsa. Alfarma ɗaya nake nema: ki ɗan ajiye jan biron nan. Yaron da ya gano haƙorin ɓera a takalminsa, ya manta bai sa wa baƙi ƙugiya ba, kada ki yi wa takardarsa jina-jina har ya rantse ba zai ƙara gano komai ba. Ki yaba ganin yau, gobe ki gyara ƙa da ɗa da ɓa. Gyaran dole ne, don wanda ya rubuta "kafa" yana nufin ƙafa ya jefa mai nema a wahala. Amma kowanne da ranarsa.

'Yan aji ɗaya da biyu da hannunsu bai faɗa ba, da baki za su yi. A jefa abu a buhu, yaro ya zura hannu bai gani ba, ya faɗi abin da yatsunsa suka gaya masa: santsi ko kaushi, tauri ko laushi, tsini ko dunƙule. Goruba, ƙwallon mangwaro, soso, murfin kwalba, duk abin da aka tsinta a hanya. Malama ta rubuta a allo abin da suka faɗa, da kalmominsu, su ga maganar bakinsu ta zama baƙi. Kacici-kacicin da suke yi da dare ma ai siffantawa ce, a faɗi kamanni a ɓoye suna; a bar su su ƙirƙiro nasu a kan tsintsiyar aji da ƙararrawa da bulalar hedimasta. Daga aji huɗu sai a shigo da tsari. In mutum ake siffantawa, daga kai zuwa ƙafa. In ɗaki ne, daga bakin ƙofa zuwa ƙurya. In kasuwa ce, daga inda aka sauka a mota. Kada a bar mai karatu yana tsalle daga hula zuwa dunduniya ya dawo hanci.

Abin da ke ba ni haushi, harshen da ake wannan tsiyar ta "mai kyau" da "mara kyau" a cikinsa ba matalauci ba ne. Ɗauki hanci kawai. Bahaushe bai yarda ya ce abu na wari ya yi shiru ba. Ƙarnin kifi daban, ƙaurin tuwon da ya kama daban, zarnin bayan katangar makaranta daban, hamami daban, ɗoyin mushe daban. Koma kan harshe, ga baurin ɗanyar kanya, ga garɗin soyayyar gyaɗa, ga gafi, ga maƙaƙi, ga lamin miyar da aka manta gishiri. Sannan ga amsa-kama jibge ba mai taɓawa: ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, kore shar, a jiƙe sharkaf, a cika maƙil, a miƙe zumbur, a yi tsit, wani ya taho saɗaf-saɗaf, wani buguzum-buguzum. Duk wannan kakar yaron ta san shi, ita da ba ta taɓa riƙe biro ba. To a aike shi wurinta. Aikin gida na wannan mako: je ka wurin mai goro, ka sa ya nuna maka goriya da marsa da minu da daushe, ka dawo ka rubuta bambancinsu. Mako mai zuwa, in garin mai sarki ne, a leƙa barga kafin hawan salla a ga akawal da kili da bidi da danda. Ran kasuwa a je kara a ga yadda uda ta rabu biyu, gabanta duhu bayanta fari, a ga yadda balami ya kere wa ɗan ƙasa tsawo.

Barebari su kawar da kai, zan yabi Bafulatani. Yaron ruga kowace saniya a garken ubansa ya san ta da launinta da tsayuwar ƙahonta, da irin wannan kamanni ma ake raɗa musu suna. In ɗaya ta yi ɓatan kai, kallo ɗaya zai yi ya ce wance ce babu. Wannan gwanin ne muke kawowa aji, mu zaunar da shi, mu ce ya kwafa: saniya dabba ce mai ƙafa huɗu. Ya kalli Malam, ya kalli allo, ya yi shiru don kunya irin tasu. Allah kaɗai ya san abin da yake cewa a ransa.

Sai dai a yi hattara, kada a gudu daga "mai kyau" a faɗa ramin ƙawa. A nan zan taɓo Hajiyoyina masu littattafan soyayya, a yafe ni tun kafin in faɗa. Tun shekarun 1980 da kasuwar littattafan nan ta buɗe a Kano, har yau da suka koma cikin waya, akwai gwanaye a cikin marubutan, ban hana ba. Amma ku faɗi gaskiya, a mafi yawansu ba mace ɗaya ce take canza suna ba? Doguwa, fara, dara-daran idanu, dogon hanci, gashi har gadon baya. Wannan ai ƙanwar "Babban Abokina" ce, uwa ɗaya uba ɗaya. An jibga mata siffa goma, amma da za ta shigo gidan biki ba mai iya nuna ta. Da an ce tana cije leɓe in tana ƙirga canji, da tuni mun gane ta. Wannan ake so yaro ya kama da wuri: alama uku da ya gani sun fi goma da ya aro. Kuma ba a siffa kaɗai kamanni yake ba, yana cikin aikatau. "Ya tafi" ba ta nuna kowa. Ya sulale ne, ko ya ruga, ko ya lallaɓa, ko ya ja ƙafa yana waiwaye? Kalma ɗaya, ka ga mutum har da halinsa.

Hajiya ta layin gaba, wadda 'ya'yanta ke makarantar kuɗi, tun ɗazu take ɗaga hannu. Tambayarta ɗaya: da Hausa za a yi ko da Turanci? Don ita ba ta biya kuɗin zango don a koya wa ɗanta daushe ba. Hajiya, ko gwamnati ba ta tsaya wuri ɗaya a kan wannan ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. A 2022 aka ce a kai har aji shida. A 2025 aka ce an fasa, a koma Turanci. Kafin su gama shawara ɗanki ya yi gemu. Ni abin da na sani, ido ba shi da yare. Yaron da ya ga ƙusa a ƙarƙashin silifas zai addabi malamin Turanci har sai an ba shi sunanta, kuma ba zai manta ba, don shi ya nema. Wanda bai ga komai ba, ko ƙamus ya haɗiye, abin da zai faɗa da Turanci shi ne abin da zai faɗa da Hausa: yana da kyau. A yi wasan da Hausa ran Litinin, a maimaita shi da Turanci ran Alhamis, ki ga wanda zai yi asara. Shirye-shirye irin su Mu Karanta! a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun yi aiki wajen sa ƙananan yara su iya karatu da Hausa. Madalla da su. Amma wanda aka koya wa karanta maganar wani, a ba shi fili ya rubuta tasa mana.

Allah gafarta Malam, na ji gyaran muryarka. Za ka ce duk wannan ƙaƙale ne na 'yan boko. Da girmanka ba zan ja da kai ba, sai dai in tuna maka littafin da ke cikin gafakarka. Shama'il na Imamu Tirmizi da me ya buɗe? Da babin siffar halittar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: tsayi, launi, gashi, tafiya. Sahabbai sun duba da kyau, sun faɗa da kyau, shi ya sa wanda ya zo bayan fiye da shekara 1400 yake karantawa zuciyarsa na gani. A cikinsu har akwai wanda aka sani da gwanintar siffantawa, Hindu ɗan Abu Hala, wanda Sayyidina Hasan ya je ya tambaya. Ashe ba daga Ingila aka kawo mana abin ba. Malam ya yi murmushi, mu wuce.

Ingilar ma, yaro Bahaushe ya taɓa zuwa ya siffanta ta tun kakannin kakanninmu na goye. Dorugu sunansa, ɗan ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami, daga baya aka 'yanta shi, ya bi Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, har Tumbutu, sannan ya ƙetare Sahara tare da shi zuwa Turai a 1855. A Ingila wani mai nazarin Hausa, Schön, ya zaunar da shi yana faɗa ana rubutawa, kuma labarin ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Yaron bai kai shekara ashirin ba lokacin da yake ba da labarin, amma ya kwatanta garuruwan da ya ratsa, da hamada, har da yadda Turawa ke zama cin abinci, dalla-dalla. Har yau masu tarihi suna komawa ga maganarsa. Da an ba Dorugu jimla goma ya haddace, abin da za mu gada shi ne: Landan babba ce, tana da kyau, tana da furanni.

Mu kuma a Zariya, Kanawa ku daure, gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Su ukun nan duk malaman makaranta ne a lokacin. Malama mai jan biro, kin ji irin gidan da kika fito.

Saura Yallaɓai mai tabarau, wanda ya ce ƙasa kimiyya take bukata, ba tatsuniya ba. Yallaɓai, kimiyyar da me take farawa? Ka sa yaro ya shuka wake a gwangwani, kullum ya rubuta jimla biyu a kan abin da ya gani: yau ƙasa ta tsage, yau wani abu fari ya leƙo a lanƙwashe, yau ya miƙe da ɓawo a kansa. Ka ce min wannan insha'i ne ko kimiyya. Je ka asibiti ka tambayi likita wa ya fi ba shi wahala. Zai ce maka mai "jikina ne ba daɗi." A tambaye shi ina, ya ce ko'ina. Yaya yake yi, ya ce ciwo dai. Alhali zogi daban, raɗaɗi daban, suka daban, murɗa daban, sara daban. Wanda ya ce "suka ce a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tana tasowa in na ci abu mai maiƙo, tana harbawa har kafaɗa," ya rage wa likita rabin tafiya. Haka bakanike da mai "motar tana wata ƙara." Haka alƙali da mai shaida. In kuwa ɗaya daga cikin yaranmu ya ɓata a taron idi, Allah ya kiyaye, ba wanda zai tambaye ka ko mai kyau ne. Kayan jikinsa za a tambaya, da tabonsa, da askinsa.

Ƙanena mai waya a hannu ya ce duk wannan wahalar banza ce, ƙirƙirarriyar basira za ta rubuta wa yaro komai cikin ƙiftawar ido. Za ta rubuta kam. Amma ba ta taɓa shiga zauren gidanku ba, ba ta san wace kusurwa ke yoyo da damina ba. Sai ka gaya mata. In kuma ba ka iya gaya mata ba, zauren wani za ta ba ka, da furanni.

Tunda har yanzu ina ganin sauran masu taɓe baki, ga aikin gida, kuma ba a kwafa. Magidanta, kowa ya samu takarda, ba leƙe, ba kiran yara su taimaka. Rubuta jimla biyar a kan kayan da uwargida ta sa yau da safe lokacin da ta kawo maka koko: launin zane, zanen da ke jikinsa, ɗaurin ɗankwali, ɗan kunne in akwai. An hana "mai kyau." In ka gama, ka miƙa mata ita za ta yi maki. Mai mata biyu ya rubuta biyu, ya kuma kula kada takardu su sauya hannu. In aka yi yaji, ni ba na cikin 'yan biko.